Sailuba, Ki Ba Munzali Fasfonsa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, malamanmu, likitoci da injiniyoyi, iyayenmu mata, 'yan'uwana direbobi da masu gadi, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo nan unguwar Suwaidi, ina gaishe ku. Na gode da kuka tsayar da ni, Jibirilla, in yi zancen teku a Riyad, garin da ruwansa sai a famfo.

Mun taru ne mu yi sallama da Injiniya Munzali, wanda ya samu aiki a jirgin ruwa na dakon kaya. Sai dai uwargidansa Sailuba ta ɓoye fasfonsa, ta ce ba za ta fito da shi ba sai wanda ya san teku ya yi mata bayani. To, shekara goma sha tara na yi ina dafa abinci a jirgi.

Da farko, ƙanwata, jirgi gari ne. Kyaftin yana sama da taswirarsa, masu igiya suna kankare tsatsa suna fenti, mai gadi yana duban hanya. Mijinki kuwa yana can ƙasa wajen inji, cikin zafi da baƙin mai, ko kifi ba zai gani ba.

Na biyu, tsoro gaskiya ne. Ni ɗan Damagaram ne, tafki na sani. A tafiyata ta farko guguwa ta taso, tukunyar shinkafa ta bar murhu ta nufi ƙofa, ni kuwa na rungume firji ina kalmar shahada. Ina cikin haka kyaftin ya leƙo, ya dube ni, ya dubi shinkafar, ya ce, "Kuku, shayi, ban da sukari." Na saki firji na dafa. Da na kai masa, na tarar kowa yana kan aikinsa, babu mai ihu. Ran nan na gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma nawa hannun na shayi ne.

Na uku, ba zan rantse miki zai dawo ba, wannan na Allah ne. Amma ni ga ni, har da teɓa. Ki buɗe jakar nan da kike dannewa da gwiwar hannu tun ɗazu.

Allah Ya kai shi lafiya, Ya dawo miki da shi lafiya, Ya ba ki haƙuri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.