Takalmi a Ƙofar Gidan Abinci

Sanyi ya wuce, gidajen wasa sun cika. Da la'asar wata ma'aikaciyar banki ta fito daga kallon barkwanci, ta tarar da wani dattijo a tashar bas, riƙe da takardar wasan.

"Baba, ashe kai ma kana ciki! Wallahi mai barkwancin nan ya kashe ni da dariya."

"Allah ya ba shi baki."

"Musamman labarin babansa! Wai ya kai shi babban gidan abinci, tsoho ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya shiga da safa. Kai, ƙauyanci ciwo ne!"

"Kin yi dariya sosai?"

"Har da hawaye! Da ubana ne, ai sai in ce ban san shi ba."

Dattijon ya naɗe takardar a hankali.

"Ranar an yi ruwa, 'yata, kafet ɗin kuma fari ne tas. Na ga wata baiwar Allah durƙushe tana gogewa. Wannan bai faɗa muku ba."

Ta rasa inda za ta sa idonta, sai a kan takalminsa. Da bas ta zo, ya matsa gefe ta fara shiga.