Zufar Hammata

A Ƙofar Ruwa na tarar da Muttaka mai turare yana ciniki da wani mai walda.

"Na sallama maka babbar kwalbar. Biki za ka, Malam?"

"Ina fa! Masallaci. Duk wanda ya tsaya kusa da ni a sahu sai ya matsa. Zufa ta tona min asiri."

"Ai zufa ba ta da wari. Ta goshi ruwa ce da gishiri. Ta hammata ce mai maiƙo, ƙwayoyin cuta su ci su ƙoshi. Kashinsu kake ji."

"Wato kiwo nake ban sani ba?"

"Garke guda! Aske gashin, wanke da sabulu, goga alimun, ka sake riga."

"Kai likita ne?"

"'Yata ce nas. Ni ta fara yi wa karatun, ranar da na juye kwalba guda a jikina ta ce, Baba, da saura."

"Wannan turaren naka?"

Muttaka ya sosa ƙeya. Mai walda ya ajiye kwalbar a hankali.

"Ina masu alimun suke?"

Mai walda ya ci riba, mutanen sahunsa ma haka. Muttaka kuwa bakinsa ya cinye masa ciniki.