Motar Mutare

A tashar Mbare, tsoho Chinembiri ya tsaya bakin ƙofar mota yana fesar da numfashi a hankali.

"Baba, shayi kake hurawa?" in ji wata mai sayar da ayaba.

"Tsoro nake hurawa, 'yata. Shekara biyu ban hau mota ba, sai zuciya ta kama dukan uku-uku. Tsohuwar da ke sauraron masu damuwa a bencin asibiti ce ta koya min wannan."

"Hira kawai?"

"Zama shida. Yau sai bikin jikata."

Ya hau, ya zauna, ya leƙo taga yana dariya.

"Baba, yaushe take zama? Wata ƙawata nake tambayar wa."

"Laraba. Ni ma wani abokina na tambayar wa."