Sharaɓar da Ba a Son Ta Warke

A bakin kogin Binuwai, Garuwa, shekara takwas da zuwan Jamusawa. Mutum biyu suna jiran kwalekwale, ɗaya ya miƙe ƙafa ɗaure da tsumma.

"Sannu, ɗan'uwa. Targaɗe ne?"

"Sharaɓa ce. Ina sauke buhun gishiri daga jirgi, sai na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan ƙafa. Wata biyu ke nan."

"Wata biyu! Haba, wannan ai sakaci ne. Kwana uku za ka huta kana tsoma ta a ruwan sanyi. Daga nan ka dafa bango, ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa, safe da yamma. Ni ma na taɓa yi, sati uku na koma gudu."

"Na sani. Likitan bariki ma haka ya nuna mini."

"To me ya hana ka? Abin da ke cinmu ke nan! A ba mu magani kyauta, mu naɗe hannu muna jiran sauƙi."

"Malam, sassauta murya. Ranar da na taka ƙafar nan daidai, ranar za a aza mini akwatin Bature zuwa Ngaundere. Mu goma sha biyu muka tafi bara, mu takwas muka dawo."

Mai shawarar ya matso kusa.

"Ngaundere? Jiya jauro, mai unguwarmu, ya ce in hallara bariki ran Asabar."

"Ai kai ƙafarka garau, Allah ya ƙara lafiya."

"Dakata, ɗan'uwa. Buhun gishirin nan, yaya ma ka ɗaga shi?"