Memorin Ajiya

A tashar Gumel, motar Maigatari ta ƙi cika. Manu, makiyayi daga Sule Tankarkar, yana ta jujjuya waya a hannu, har dattijon da ke gefensa ya gaji da kallo.

"Ɗan Fulani, wayar ce ba lafiya?"

"Memori ne ya mutu, Alhaji, da muryar mahaifina a ciki. Kafin ya rasu na ɗauke shi yana faɗa mini burtalin da ake bi da shanu har Damagaram, rijiya bayan rijiya. Ga damina ta kawo kai, ni kuwa ban taɓa bin hanyar ba."

"Allah ya jiƙansa. Na araha ka saya ko?"

"Mai shago ya nuna mini mai kyau, sai na ga kuɗinsa zai ba ni biyu na kan tebur."

"Haka muke duka. Mu taya memori kamar goro, mu zuba masa abin da ba ya sayuwa. To, ɗayan fa?"

Manu ya ɗan saki fuska, ya zaro wani ƙullin leda daga cikin hularsa.

"Ai nan na yi dabara. An ce a riƙa ajiye na biyu saboda ɓacin rana. Ga shi sabo fil, ko buɗe shi ban taɓa yi ba. Shi zan kai a fito mini da muryar."

Dattijon ya daɗe yana duban ledar.

"Ka kwafa a cikinsa?"

"Kwafa me, Alhaji?"