Tabarmar Malam Ɗan'azumi Za Ta Kwana a Garaku

Wakilin Mai Martaba Sarki, ranka ya daɗe. Shugaban ƙaramar hukuma, babban likita, limamanmu da fastocinmu, Mama Mairo mai ɗakin marigayi, Husaini ɗan marigayi da ƙannenka, jama'ar Jigwada da baƙinmu na Garaku, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya gaba ɗaya.

Sunana Paulina, ma'aikaciyar jinya. Abokan aiki ne suka tsayar da ni, kuma sun san bakina tun kafin su zaɓe ni. In na faɗi abin da ya yi wa wani zafi, a raba laifin da su.

Malam Ɗan'azumi ya fara aiki da wankin miki, a shekarar da muka sami 'yancin kai. Da aka nemi wanda zai tafi kudu ya koyo jinyar masu taɓin hankali, kowa ya sunkuyar da kai, shi ya ɗaga hannu. Ya dawo muka laƙaba masa "likitan mahaukata", muna dariya a bayan idonsa. Ya kasance mai haƙuri da wannan dariya. Ya kasance mai jin maganar da kowa ya gaji da ji. Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi muka cika gari da babura da rediyo, shi kwano ya saya ya rufe zauren gidansa, don masu zuwa zance da shi su daina jiƙewa da damina. A zauren nan ya koya mini aikin nan, kuma abin da ya fara koya mini shi ne in rufe bakina. Kun ga dai bai gama ba.

Ya kasance mai tabarma. Duk kun san ta. In ya ji an sa wa wani mari, wato an ɗaure ƙafarsa da ƙarfe an danna kwaɗo, sai ya naɗe tabarmarsa ya tafi, ya shimfiɗa a ƙofar ɗakin ya zauna a ƙasa daidai da mara lafiya. Ba ya zuwa da guduma, ba ya kiran ɗan sanda. Na taɓa ce masa, "Malam, mu fasa kwaɗon nan mana, mu huta." Ya ce, "Paulina, ni ban kulle ba, ba zan buɗe ba. Hannun da ya kulle shi zai buɗe, in ba haka ba muna juya baya zai sayo sabo." Haka zai zauna, yana hira da na ciki, yana cin tuwon masu gida, har kunya ta kama su ko hatsinsu ya yi ƙasa.

Da haka ya fito da Dogara na Garaku. Dogara ya dawo daga yaƙin basasa da ƙafa biyu da hannu biyu, amma ƙarar ruwa a kan kwano takan sa ya shige ƙarƙashin gado yana ihu. Yayansa Boaz, ga shi can zaune, ya sa masa mari don tsoro, ba don ƙiyayya ba. Malam ya zauna a ƙofar har Boaz ya kawo makulli da hannunsa. Tun daga nan Dogara yake shan maganinsa, yake noman doyarsa, kuma in an kawo sabon mara lafiya zaure, shi ke fara zama kusa da shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan faɗi yadda Malam ya rasu, domin abin da ake faɗa a gari ba haka yake ba.

Ran kasuwa ne, da la'asar. Malam ya yanke jiki ya faɗi a zaure, babu kowa sai Dogara. Dogara ya goya shi ya nufi asibiti da gudu, yana ihu a ba shi hanya. A bakin kasuwa wani ya ce, "Mahaukaci ya kashe Malam." Ba wanda ya tambaya. Aka tare shi, aka fara jifa. Da ya ga duwatsu, sai ya kwantar da Malam ya rufe shi da jikinsa. Babban likita yana nan, ya ƙaryata ni in ƙarya nake: jijiya ce ta fashe a cikin kan Malam saboda hawan jini, babu ko ƙwarzane a jikinsa. Raunukan duk a bayan Dogara suke, ni na ɗinke su. Ko da an bar shi ya wuce Malam zai rayu? Allah kaɗai ya sani, kwana in ya ƙare ya ƙare. Ba zan kira sunan kowa ba. Mu ne muka yi jifan, mu mutanen garin nan da muka cika wurin nan yau muna yabon marigayi.

Yanzu haka Dogara yana cikin mari a Garaku. Na je ran Lahadi, kuma shi ya ba ni izinin faɗin wannan. Ya daina cin abinci. Ya dube ni ya ce, "Sista, kowa ya ce ni ne. Ko dai ni ne, na manta?" Tun da na fara aikin nan ban ji abin da ya tsorata ni kamar tambayar nan ba. In aka ƙara barinsa a ɗakin nan zai yarda, kuma in ya yarda mun rasa shi.

Yaya Boaz, ban zo tozarta ka ba. An ce maka in aka ƙara ganinsa a nan Keffi ba zai koma da rai ba, ka ɗaure shi don ya tsira. Amma makullin yana aljihunka.

Husaini ƙanena, ranar jana'iza ka ce kada Dogara ya ƙara taka ƙofar gidanku. Zafin rashi ne, ba wanda ya ga laifinka. Sai dai Boaz ba zai buɗe ba sai ya ji daga bakinka cewa gidan Malam ba ya bin Dogara jini. Dogara ma maganata ba za ta shige shi ba, taka yake jira. Ga Sarki ya aiko wakili, ga malamai, ga jama'a. Ba ka da wurin faɗa da ya fi nan.

Wannan da kuke gani naɗe a hammatata, tabarmar Malam ce. Ban roƙa ba. Da safen nan Mama Mairo ta kira ni ɗakin takabarta ta miƙo mini, ta ce, "Ni ba ni da halin fita. Ki kai ta Garaku, ki ce wa ɗana Dogara na gode da ya goya mini mijina."

Muna godiya ga duk wanda ya taso ya zo. Allah ya ji ƙan Malam Ɗan'azumi, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da kowane zama da ya yi a ƙofar wani. Allah ya ba Mama da yara haƙuri, mu kuma ya yafe mana abin da hannuwanmu suka yi a bakin kasuwa. Amin.

Ana tashi daga nan zan shiga motar Garaku. Zan shimfiɗa tabarmar a ƙofar ɗakin Dogara in zauna, ba zan taɓa kwaɗon ba. Husaini, tana da faɗi, za ta ɗauke mu mu biyu.