Kujerar Hanyar Ibadan

A ɗakin jira na wani wurin sayar da motoci a Ikeja da ke Legas, wata matashiyar lauya, Morenike, tana waya da surukarta.

"A'a, Mama, ba zan ajiye aikin Ibadan ba. Ku yi haƙuri." Ta kashe wayar, ta koma kallon baƙar motar da ke bayan gilashi.

Wani dattijo a gefenta ya gyara zama da ƙyar. "Waccan mai fetur da batir kike so, 'yata?"

"Ita, Baba. Kullum sai na je Ibadan na dawo. An ce ba ta shan mai."

"A cunkoso take tsimi. In hanya ta buɗe, ita ma sha take."

"Ai rabin hanyar cunkoso ne."

Ya yi 'yar dariya. "Shekara talatin na tuƙa maigidana a hanyar nan. Bar zancen mai, kujera za ki duba. Bayana ne ya koya mini, amma a makare."

"Bayana ƙalau yake. Ban yi karatu don in zauna ina jiran wani ya dawo gida ba."

"Yara fa?"

"Biyu. Jiya ƙaramar ta faɗi a makaranta. Da aka tambaye ta wa za a kira, sai ta ce a kira kakarta."

"Nawa har yau gaisuwar baƙo suke yi mini."

Mai sayarwa ya zo da makulli. Ta miƙe ta karɓa.

"Awa biyar kullum, Baba, kuma daga rabon yarana nake yanko awannin. Na sani. Bari in gwada kujerar."